Ranar da Na Tashi Tsaye Cikin Kwalekwale

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ki lafiya inda aka tura ki, ya tsare ki a tudu ya tsare ki a ruwa. Babanki da ƙannenki duk suna yi miki fatan alheri.

Na cusa takardar nan ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da ke jakarki, don na san halinki, motarku ba za ta wuce Damagaram ba ki kwance shi ba. Ke 'yar fari ce, kin san bakina ba ya iya doguwar magana da ke. To, yau karatun yaƙi da jahilcin da kuka riƙa yi mini dariya a kansa ya yi rana. Rubutun kamar kaza ta bi ta kan takarda, amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Tun ranar da aka ce an tura ki aikin ungozoma can wajen Gaya, bakin kogi, kuma wasu ƙauyukan da za ki riƙa zuwa karɓar haihuwa suna cikin tsibirai, sai da kwalekwale, babanki bai ƙara cin tuwo da daɗi ba. Ya ce a nemi wanda ya san wani a canza miki wuri. Na ce ba za a canza ba. Matan can ma mata ne, naƙudar da muke yi ita suke yi, kuma ba mu sha wahalar sa ki lakwal, makarantar boko, don ki zauna a inuwa kina jiran aiki mai daɗi ba. Za ki je. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ki shiga jirgi da irin wautar da na shiga da ita. Kowa a garin nan ya san na taɓa faɗawa tafki, amma ba wanda ya zaunar da ke ya gaya miki yadda aka yi. Ni ce na faɗa, ni zan gaya miki.

Ni 'yar Kwaya ce, 'yar tudu. Kafin a kawo ni gidan babanki, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na randa. Shekarar da aka kawo ni, damina ta yi ƙarfi, korama ta cika ta haɗe da babban tafkin gabashin gari, hanyar kasuwa ta yanke. Har aka yi girbi aka shiga ɗari ruwan bai janye ba. Wani masunci da ake kira Mamman ya kawo kwalekwalensa yana hayewa da mutane ranar kasuwa. Wanda ba ya so sai ya zagaya ta tudu, kafin ya isa kasuwa ta fara watsewa.

Ranar da abin ya faru na fito da sassafe da babbar ƙwaryata cike da ƙuli-ƙuli. Sanyi ake yi irin wanda ke fasa ƙafa, tururi yana tashi a kan ruwan kamar an ɗora tukunya. Ina ɗauke da cikinki a lokacin, bai fito ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Na shiga da wuri na samu katakon tsakiya na zauna, ƙwarya a cinya. Mamman ya ce wa kowa, "Inda mutum ya zauna nan zai sauka. Ko kunama ta harbe ka, ka bari sai mun isa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauka irin barkwancin masu jirgi ne. In mai jirgi ya yi miki magana, Uwani, ko da wasa ya faɗa, ki riƙe ta da gaske. Ke kin yi karatun haihuwa, shi ya yi na ruwa, a cikin jirginsa ke ce almajira.

Mun kai tsakiyar tafki sai na ji tari a bayana, na kuwa san tarin. Na waiga, sai ga kakanki, Allah ya jiƙansa, tsugune a ƙasan jirgi cikin jiƙa, bakin rigarsa a ruwa. Ashe shi ya shiga daga ƙarshe. Ni kuwa ga ni a kan katako, na fi shi tudu, na ba shi baya, ban gaishe shi ba. Amarya, gaban surukinta. Kunya ta rufe ni, ban san sa'ad da na miƙe da ƙwaryar a hannu ba, wai in ba shi wurin in durƙusa. Na ji Mamman ya ce, "Ke, zauna," amma jirgin ya riga ya karkata. Mutane suka danna ɗaya gefen don kada ya kife, ni kuwa na tafi da baya.

Wannan ladabin nawa ne, ni na koya miki shi, kuma ba na nadamarsa a tudu. Amma a cikin jirgi ki ajiye shi. Ko hakimi ne a tsugune bayanki, ki gaishe shi da baki daga inda kike. In za a sauya wuri, a sauya kafin a bar gaɓa. Wanda ya ga rashin kunyarki ya gani, ku isa tudu ki ba shi haƙuri.

Yanzu ki saurari abin da ruwan sanyi ke yi, don ba wanda ya taɓa gaya mini. Ba nutsewa ce ta fara kama ni ba, numfashi ne. Da sanyin ya doki ƙirjina sai bakina ya buɗe da kansa, na ja, ba da sona ba, ruwa ya shige. Na taso ina tari ina haki, numfashin yana fita guntu-guntu, na kasa tsayar da shi. Zuciyata kamar za ta fasa ƙirji. Na shiga dukan ruwa da hannu da ƙafa, kuma duk dukan da na yi ƙasa yake ƙara kai ni. Na sakankance mutuwa ce, na fara kalmar shahada, ita ma ta ƙi fita daidai.

Daga baya Mamman ya gaya mini cewa wannan hakin kowa yana yinsa, har su da aka haifa a bakin ruwa, kuma wucewa yake in mutum ya ba shi ɗan lokaci. Don haka in kin faɗa, Allah ya kiyaye, kada ki nemi zuwa ko'ina tukuna. Aikinki ɗaya ne, ki tsare bakinki da hancinki daga ruwa. Ki mai da kai baya, fuska sama, ki buɗe hannuwa, ki bar hakin ya yi abinsa ya gaji. Yadda kike gaya wa mai naƙuda kada ta yi nishi kafin lokaci, ta ja numfashi ta sauke a hankali, to haka za ki gaya wa kanki. Tunani ba ya dawowa sai numfashi ya dawo.

Ni abin da ya cece ni a wannan lokacin ƙwaryata ce. Ƙuli-ƙuli ya tafi rabon kifi, ita kuwa ta kife tana yawo kusa da kaina. Kin san yadda muke kifa ƙwarya cikin ruwa a gidan biki muna kaɗawa, a danna ta ta ƙi nutsewa. Na cafke ta na danne da ƙirji, ta ɗaga ni. Duk abin da ke yawo a kan ruwa, jarka ce, gora ne, katako ne, ki rungume shi. In jirgin ne ya kife, kada ki rabu da shi, ki yi ta fama har ki ɗora ƙirjinki a bayansa. Gwargwadon jikin da kika fitar daga ruwa, gwargwadon abin da kika ƙwace daga sanyi.

Sai dai da hannu ɗaya na riƙe ƙwaryar. Ɗaya hannun kin san inda yake? Yana riƙe da zanena. Ruwa ya kwance shi yana ja, ni kuwa ga maza cike da jirgi, ga surukina a ciki. Ƙwaryar tana sulɓewa ina komawa ƙasa ina tasowa, amma na ƙi sakin zane. Ihu ma ban yi ba. Jirgi ya yi nauyi, kafin Mamman ya juyo da shi ya yi gaba, tururi ya shiga tsakaninmu, suna kira ina jin su, amma wai ina jin nauyin ɗaga murya gaban Baba. Yau in na tuna, haushin kaina nake ji, ba dariya ba. Rai biyu na kusa zubarwa saboda ƙyalle.

Ga abin da za ki yi, kuma ba shawara ba ce, umarni ne. Duk ranar da za ki shiga jirgi ki sa wando a ƙarƙashin zane, yadda in zanen ya tafi ya tafi ke nan, ba abin da zai dame ki. Dogon hijabin nan naki mai jan ƙasa ki naɗe shi a jaka, ki sa gajere, don a ruwa lulluɓe fuska yake yi ya naɗe hannu. Jakar kayan aikinki kada ki rataya ta a wuya, ki ajiye ta a ƙafa. Sannan ki yi ihu, da muryar nan da kike kiran ƙannenki daga bayan gari.

Da numfashina ya ɗan daidaita sai na hango kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin gaɓa, a gefen hagu, na ga kamar in na miƙa hannu zan taɓa. Na ce bari in kai kaina in huta da kunyar a tsamo ni gaban jama'a. Na fara harba ƙafa ina nufar can, ina nesanta da masu nemana. Ido yana ƙarya a kan ruwa, Uwani. Na yi ta harbawa kacallar ba ta matso ba, sai ma igiyoyin bado suka naɗe mini ƙafa. A nan na lura da hannuwana. Ina kallon yatsuna a kan ƙwarya, ina ce musu su riƙe, sun ƙi ji. Sun zama kamar na wani. Sanyi daga hannu yake fara cin mutum, yana barin hankali garau yana kallon abin da ke faruwa. Saboda haka duk abin da ke bukatar yatsu, ɗaurewa ne ko kamawa, ki yi shi da wuri tun suna jin magana. In akwai masu nemanki, ki tsaya inda kika faɗa, ki haɗe ƙafafu ki takure, ki adana ƙarfinki. Ba a nufar gaɓa sai in ba kowa, ba kuma abin riƙewa.

Allah ya sa tarin da nake yi ya kai kunnen Mamman, suka iso kaina. Kakanki ya warware rawaninsa ya jefo mini bakinsa. An ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, to ni ga rawani a gabana na kasa, hannu ɗaya ya mutu a kan ƙwarya, ɗaya yana kan zane. Mutumin da tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa yi mini magana fuska da fuska ba, ranar ya daka mini tsawa.

Ya ce, "Saki zanen nan, 'yar nan. Yau duk jirgin nan makafi ne, ni ne babbansu."

Na saki. Mamman ya ce, "Kada ki kama da yatsu, ba za su riƙe ba. Naɗa a damtse, ki maƙale da hammata." Na naɗa. Wani ya miƙo hannu zai jawo ni ta gefe, Mamman ya buge hannun da sandar tuƙi, ya ce so yake a kife da kowa. Ta ƙarshen jirgi suka jawo ni, sannu a hankali, sauran mutane suna zaune sun daidaita nauyi. Ki riƙe wannan ma, don wata rana mai yiwuwa ke ce a cikin jirgi wani yana ruwa. Ki miƙa sanda ko zane, kada ki bi shi ciki.

Kina tsammani na yi hankali daga nan? Ina. Da muka isa gaɓa, kakanki ya riga ya lulluɓa mini babbar rigarsa, na miƙe tsaye ina cewa, "Lafiya lau, ba komai, bari in koma gida." Haƙorana suna kaɗawa, maganar ma ba ta fita, amma so nake in ɓace daga idon mutane. Ban yi nisa ba ƙasa ta juya, na faɗi. Maza suka hura wuta da kara, wani ya ce a matso da ni jikinta, wani ya ce a murza mini ƙafa da hannu da ƙarfi jini ya gudana. Sai ga wata tsohuwa mai sayar da kanwa, Iya Kande, wadda ke jiran jirgi a wannan gaɓar. Ta ce, "Ku ba mu wuri. Gasa ta za ku yi, kifi ce?" Ta kore su, ta sa mata suka kewaye ni da zannuwa. Ta tuɓe mini duk abin da ya jiƙe, ina hanawa tana buge mini hannu. Ta kwantar da ni a kan buhu, ta rufe mini kai, ta kwance nata zanen ta rungume ni ƙirji da ƙirji, aka lulluɓe mu tare. Ba ta bari an ba ni komai ba sai da na iya faɗin sunan garinmu daidai, sannan ta sa aka kawo kunu mai ɗumi tana ba ni kurɓi-kurɓi.

Tana rungume da ni ta raɗa mini a kunne, "Ke, ba ke kaɗai ba ce ko?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "To ki kwanta, ki daina wannan taurin kan, ba don ke ba." A nan na fashe da kuka, don sai a lokacin na tuna da ke.

Ku masu diplom, takardar shaidar karatu, kun fi ni sanin sunan wannan ciwo, amma ni na san ɗanɗanonsa. Fitowa daga ruwa ba ita ce tsira ba. Ki kwanta, ki cire jiƙaƙƙen kaya ko a gaban wa, ki rufe kai da ƙirji, ki bar ɗumi ya shige ki a hankali. In an ce a kai ki likita ki yarda, ko kina jin kin warke. Ma'aikatan lafiya kun fi kowa ƙin a duba ku, na lura da wannan.

Da na warware, kakanki ya aiko surukata ta gaya mini cewa girman da zai kai ni lahira ba ya so, in riƙe abina. Har ya rasu, in ya ga zan durƙusa kusa da rijiya sai ya ce a riƙe ni.

Akwai rigar nan mai ruwan lemo da ake sawa a jirgi, wadda ke hana mutum nutsewa. Na sayar da jar akuyata saboda ita, abin da aka samu yana cikin ƙullin da ke aljihun jakarki. In wurin aikinku sun ba ki, to, in ba su ba ki ba, ki saya kafin ki taka jirgin farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki sa ta, ki ɗaure igiyoyinta tun kina tudu, ba ki riƙe a hannu ko ki zauna a kai ba. Za a yi miki dariya. Za a ce baƙuwa matsoraciya, wani ma zai ce miki wanda kwanansa ya ƙare riga ba ta hana shi. Gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma shi mai faɗin haka, in zai shiga masallaci ɗaure jakinsa yake yi. Ki yi murmushi ki ƙara jan igiyar.

Saura guda, ita ce ta fi yi mini nauyi. Ranar da na dawo gida daga tafkin nan na rantse da Allah ba zan ƙara shiga jirgin ruwa ba, kuma ban ƙara ba. Na kuma hana ku zuwa bakin ruwa. Kin tuna ranar da kika bi 'yan matan unguwa wanka a tafki kina ƙarama, na same ki a hanya da tsumagiya. Sa'o'inki duk sun iya iyo, ke kaɗai kika tashi ba ki iya ba. Na ɗauka tsare ki nake yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, to ni gudun nawa da ku na yi shi. Ga shi yau Allah ya kai abincinki bakin kogi, na sallame ki hannu wofi. Wannan laifina ne, amma gyaransa yana hannunki.

Da kin sauka kin huta, ki nemi matan masunta. Ki ajiye madam ɗinki a gefe, ki ce musu ke 'yar tudu ce, uwarki ta hana ki ruwa, su koya miki. Ku fara a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, da rana tsaka, wata tana riƙe da ke. Kada ki tafi ke kaɗai. Za ki sha ruwa, yara za su taru suna kallon ungozoma tana fafutuka, ki bar su su kalla. Ba na son ki kira ni a salula kina ba ni labarin kifi da shinkafar can. Ranar da kika kwanta rigingine a kan ruwa ba wanda ya riƙe ki, kika ja numfashi kika sauke hankali kwance, ranar nake jiran kiranki.

Ni ma ba zan sa ki abin da na kasa ba. Na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi hukuncin wanda ya rantse sannan ya ga barin rantsuwar ya fi alheri. Ya gaya mini. Jiya na buɗe rumbu na auna hatsin kaffara na raba, babanki yana tsaye yana kallona. In an gama cirar gyaɗa zan hau mota in zo. Ki nemo mini riga irin taki, ki gaya wa mai jirginku akwai wata tsohuwa da zai haye da ita tsibiri. Zan ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba, ƙila ma in rufe ido har mu isa. Amma zan shiga, kuma a zaune zan yi tafiyar.

Allah ya tsare mini ke, ya tsare waɗanda za ki shiga jirgi da su. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga matan da za ki karɓi haihuwarsu. Ya kai ki kowace gaɓa lafiya, ya dawo da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka, duniya da lahira. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Habsu